Jirgin Shayin da Ke Greenwich

Landan, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan hunturu ya kawo jiki, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, kuma har yau jikina ya ƙi sabawa.

Ka tuna musun da muka taɓa yi a teburin mai shayi, ranar da ka dage cewa kashe kuɗi a kan kayan tarihi almubazzaranci ne muddin akwai asibitin da ba magani? Jiya ka faɗo mini a rai. Yara suka matsa, na kai su Greenwich, bakin kogin Thames, muka ga wani tsohon jirgin ruwa mai suna Cutty Sark. Kuma jirgin dakon shayi ne, ka ga abin ya zo gidanka.

A 1869 aka ƙera shi a Sikotilan don ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin, kusan tan 600 a sawu ɗaya. Ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Sai dai ya zo duniya a makare: a watan da aka sa shi a ruwa aka buɗe mashigin Suwez, jirage masu inji suka samu gajeriyar hanya suka ƙwace kasuwar. Ya koma dakon gashin tumaki daga Ostareliya, daga baya aka sayar wa 'yan Fotugal, har suna suka sauya masa. A 1922 wani tsohon kyaftin, Wilfred Dowman, ya gan shi duk ya lalace, ya sa kuɗin gidansa ya saye shi ya dawo da shi Ingila. A 1954 wata ƙungiyar masu kishinsa, da goyon bayan mijin Sarauniya Elizabeth, ta samo masa wurin da yake zaune yanzu, a kan tudu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarƙashinsa. Sun ɗaga jirgin sama kamar mita uku a kan ƙafafun ƙarfe, ka shiga ka tsaya, cikinsa na bisa kanka, lulluɓe da faranti mai ruwan tagulla yana ta ƙyalli. Autana ya ce sai ya taɓa, na ɗora shi a wuya ya shafa, ya ce da sanyi. A nan ƙasan akwai wurin shan shayi, na kuwa zauna na sha, ko da yake wallahi bai kama ƙafar na mutuminmu ba. Ruwa-ruwa, ba citta ba kanumfari.

To ga inda maganarmu take. A 2006 aka fara yi masa babban gyara, don gishirin teku ya daɗe yana cin ƙarfen jikinsa. Ana cikin aiki, da asubahin 21 ga Mayu 2007, wuta ta kama. Binciken da aka yi ya fi karkata ga wata na'urar zuƙe ƙura da aka bari a kunne. Allah ya taƙaita, domin an riga an kwance turakunsa da kusan rabin katakonsa an kai ajiya. Kafin Sarauniya ta sake buɗe shi a Afrilun 2012, aikin ya lashe wajen fam miliyan 50. Na san yanzu kana lissafawa da naira kana salati.

Kuɗin ba daga aljihu ɗaya ya fito ba. Gwamnati ta sa nata, ƙaramar hukumar yankin ta sa, talakawa suka yi karo-karo bayan gobarar, wani attajirin jiragen ruwa, Sammy Ofer, shi kaɗai ya ba da sama da fam miliyan 3. Amma kaso mafi tsoka, kusan rabi, daga asusun cacar ƙasa ya fito. Su nan duk tikitin cacar da aka saya ana yankar wani abu a ware don irin waɗannan ayyuka. Da na karanta haka a jikin allo, shayin ya ɗan tsaya mini a maƙogwaro. Mu dai ka san hukuncin caca a wurinmu. Ban da haka ma, ina ganin masu sayen tikitin nan a shagon unguwarmu, ba masu hali ba ne. Ga shi kuma shiga jirgin ba kyauta ba ce. Abin da na biya mana jiya ya isa cefanen kwana biyu, alhali babban gidan tarihin jiragen ruwa da ke kusa ba a biyan ko sisi. Nan kam na ba ka gaskiya.

Su kansu Turawan ba su daina gardama ba. A shekarar da aka sake buɗe shi, rumfar gilashin da aka kewaye shi da ita ta ci kyautar sabon gini mafi muni a ƙasar! Duk da haka layin da muka tarar jiya sai ka ce ana rabon shinkafa, kuma dattijon da ya nuna wa yara yadda ake ƙulla igiya ya ce mini aikin sa-kai yake yi, ba a biyansa. Wannan ne ba ka sa a lissafinka ba ranar.

A jirgin ƙasa muna dawowa babbar 'yata ta tambaye ni ko mu ma muna da tsohon jirgi. Na ce muna da wanda ya yi jika da wannan: kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Yobe, mai shekara wajen 8,000. Ta ce na taɓa ganinsa? Kunya ta kama ni. Na yi shekara biyu ina aiki a Potiskum ban taɓa neman inda yake ba.

Tunda kana yawan bi ta Damaturu, don Allah ka tsaya ka tambaya ko ana barin mutane su gan shi. In an bar ka, ka ɗauko mini hoto, ka kuma tambayi masu kula da shi me suka fi buƙata. Ƙungiyarmu ta 'yan gida za ta zauna ƙarshen wata, ina so in je musu da magana a hannu.

Ka gaida mutanen majalisa. In ka samu mai zuwa, a sako mini citta da kanumfari.

Naka har kullum,
Amininka