Godiya ga Ofishin Shirin NFELTP Daga Wani Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje

Zuwa ga shugabanni da malaman shirin horar da masu bin diddigin cututtuka na Najeriya (NFELTP),

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne, domin yaba kyauta tukwici.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin gwamnati a Zamfara. Duk wanda ya san aikinmu ya san yadda yake: a miƙo maka jini ta taga, ka duba, ka rubuta sakamako, ka mayar ta tagar. Ba ka san daga wane ƙauye mara lafiyar ya fito ba, balle ka ji ko maƙwabtansa ma suna kwance. Da yawa daga cikinmu a haka suke yin ritaya.

Shirinku, da aka fara a 2008 da tallafin ƙungiyar masu bin diddigin cututtuka ta Afirka (AFENET) da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC), bai tsaya kan likitocin mutane da na dabbobi ba, mu ma ya ba mu gurbinmu. Karatun shekara 2 ne, a ƙarshe mutum ya fito da digiri na biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Ibadan, kuma mafi yawan lokacin a filin aiki ake yin sa, ba a aji ba. Waɗanda suka riga mu sun shiga binciken gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, sun kuma bi sawun cutar Ebola a Legas a 2014.

Amfanin horon ya fito mini fili a annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta kashe mutum sama da 1,000, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, wanda ya ɓarke kuwa nau'in C ne, kuma ba a raba su da ido sai an gwada. A nan na tuna malamin da ya nace mana cewa ruwan da aka ɗebo daga ƙashin baya ba a sa shi cikin ƙanƙara idan ana son ƙwayar cutar ta tsira har a gwada, domin sanyi na kashe ta. Sai ka ga ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ka zuba shi cikin kwalbar ajiya, ka rubuta shekarun yaron da ƙauyensu da ranar da zazzaɓi ya kama shi. Waɗannan bayanan ne ke haɗuwa su nuna wa hukuma inda za a fara kai allura. Allah ya saka wa wannan malami, bai taɓa gajiya da tambayoyinmu ba.

Kun kuma koya mana rubuta rahoto da tsayawa gaban manya mu kare shi. Yau idan aka zauna taron annoba a jiha, ana tambayar ra'ayina kafin a yanke shawara, ni ma ina horar da na ƙasa da ni.

Roƙona ɗaya ne: a ƙara guraben 'yan ɗakin gwaje-gwaje daga asibitocin ƙananan hukumomi, musamman mata, domin akwai haziƙai da yawa da labarin shirin bai kai gare su ba.

Allah ya ƙara ɗaukaka, ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani tsohon ɗalibinku daga Gusau