Wasiƙa daga Gusau kan yaran da ke daji

Gusau, Jihar Zamfara.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Nan damina ta sauka, masu samun hanyar zuwa gona suna zuwa.

Ka tambayi matsayin yaran da ake gani cikin 'yan bindiga da 'yan sa-kai a wajen doka. Fara da cire wani kuskure daga ranka: ba sai yaro ya rataya bindiga ba kafin a lissafa shi cikin yaran da aka saka a ƙungiya mai makami. Ƙa'idojin Paris na 2007, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan irin waɗannan yara, sun lissafa mai dafa abinci, da mai ɗaukar kaya, da ɗan aike, da ɗan leƙen asiri, da yarinyar da aka riƙe da sunan mata. Don haka yaron da ke kai wa mutanen daji burodi da man fetur a jarka, ko wanda aka sa tsaron waɗanda aka sace, yana ciki. Doka na kallonsa a matsayin wanda aka zalunta tukuna, kafin a zo maganar abin da ya aikata.

Shekaru kuwa iyaka biyu ce, kuma nan mutane ke ruɗewa. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta sa iyakar ɗaukar yaro aikin soja a shekara 15. Dokar Rum ta 1998, wadda ta kafa Kotun Manyan Laifuka ta Duniya, ta mayar da ɗaukar wanda bai kai 15 ba laifin yaƙi, da ita aka kama Thomas Lubanga na Kwango da laifi a 2012, aka ɗaure shi shekara 14. Amma ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a 2000 ya hana ƙungiyoyi masu makami ɗaukar wanda bai kai 18 ba ko da son ransa ne, haka ma sashe na 22 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Yara ta 1990. A gida, sashe na 34 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana saka yaro aikin soja. In wani ya ce maka wannan al'adar Turawa ce, tuna masa Abdullahi ɗan Umar: Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi gida ranar Uhudu yana ɗan 14, sai ranar Handak ya karɓe shi.

Matsalar tana wajen aiki. Yawancin yaran ƙauye da na ruga ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, sai jami'i ya dubi tsawon yaro ya rubuta 19, shi ke nan an haɗa shi ɗaki da manya. Ƙa'ida ita ce in ana shakka a ɗauke shi yaro, sannan a tambayi iyaye, da mai unguwa, da malamin allonsa, a auna da abin da ya faru shekarar haihuwarsa.

In an tsinci yaro, a raba shi da manya tun daren farko, a duba lafiyarsa, musamman ƙwaya irin tiramol, domin yanke ta gaba ɗaya kan jawo rawar jiki da rashin barci. Kada a nuna fuskarsa ga 'yan jarida, hoton nan shi ke hana shi komawa garinsu. Yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2022 ta ce a miƙa yaro ga hukumar farar hula cikin kwana 7. Sai dai da arewa maso gabas a zuciya aka tsara ta, kuma masana doka na jayayya ko rikicinmu ya kai a kira shi yaƙi. Ni a ganina yaron Zurmi a nan Zamfara da na Bama a Borno ba su da bambanci. Can ma ai an ga amfanin tsari: bayan 'yan sa-kan Sibiliyan JTF sun sa hannu kan daina ɗaukar yara a 2017, an sallami yara 894 a Maiduguri a Mayun 2019.

Abu biyu ke ɓata mayar da yaro gida. Na ɗaya, ba shi kuɗi a hannu, don sa'o'insa za su ga shiga daji na biya. Gara a biya makaranta ko ubangidan sana'a, a haɗa da sauran yaran unguwar. Na biyu, kai shi ba tare da an zauna da dagaci da liman da waɗanda aka kashe wa dangi ba. Wanda aka ƙi a gida, ko aka yi masa barazanar ramuwa, daji zai koma. 'Yan mata kuwa sau da yawa ba a ma rubuta su, musamman masu goyo, ana cewa matan ɓarayi ne.

Ka gaida uwargida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
amininka na Gusau.