Zafin matsematsi da ya ƙi jin maganin sanyi

Assalamu alaikum Dakta,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka da alheri. Duk ranar shirinki nakan ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki in matso da rediyo kusa. Na daɗe ina son rubuto miki, kunya ce ta riƙe ni, don haka ina roƙon in za a karanta wasiƙar nan a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a nan Kano, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, sana'ata ɗinki a cikin gida. Wata bakwai ke nan ina jin wani zafi-zafi a matsematsina na dama, daidai layin da cinya ta haɗu da mara. Ba ciwon da zai kwantar da mutum ba ne. Ina girkina, ina ɗinkina, har biki ina zuwa. Amma yana nan, kamar wadda ta yanka attaruhu ta taɓa wurin ba ta wanke hannu ba. Wani lokaci yakan gangara saman cinya ta ciki, fatar wurin ta yi kamar an yi mata allurar kashe zafi. Ya fi tashi idan na ɗaure zani tamau, ko na ɗaga jarkar ruwa, ko na daɗe ina taka keke. In na kwanta na naɗe ƙafar zuwa cikina sai ya lafa.

Yayata na fara gaya wa. Ban rufe baki ba ta ce sanyi ne. Mai kemis ɗin bakin layinmu ma ko tambaya bai yi ba, ya ƙullo min kafso da filajin na kwana biyar. Sau uku ina shan irin wannan haɗin. Bayan na biyun ne ma na ga abin da ban taɓa gani ba: ƙaiƙayi mai hana barci, da farin abu gutsi-gutsi kamar nonon da ya tsinke. Na ce shi ke nan, sanyin ne ya fito fili.

Akwai wata maƙwabciyarmu malamar asibiti da nake yi wa ɗinki. Ranar da ta zo karɓar kayanta na daure na faɗa mata. Ta ce wannan ƙaiƙayin kafson ne ya jawo shi, domin yana kashe har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare gaban mace, sai wani nau'in da yake kwance ya samu fili ya yaɗu. Ta rubuta min maganin cusawa, cikin mako guda ƙaiƙayin ya tafi. Zafin matsematsin kuwa ko gezau. Tun daga nan zuciyata ta fara raya min cewa abu biyu ne daban, mu ne muka haɗa su a suna ɗaya.

Da na koma mata, ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Ko ina jin zafi wajen fitsari, ko ina yawan zagayawa? Ta ce hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta wuce kamar santimita 4 ba, shi ya sa cuta ke saurin hawa mafitsara. Ni kuwa fitsarina lafiya lau. Ta ce in duba fatar wurin, saboda a zafin Afrilu da gumi makero kan kama lungun cinya, aski da reza ma kan bar ƙananan ƙuraje masu raɗaɗi. Na kulle ɗaki na sa madubi, ban ga ja ba, ban ga ƙurji ba. Na lalubi kaluluwa, babu, kuma ba ni da ciwo a ƙafa da zai saukar da ita. Ta sa na riƙa yin alama a kalanda wata biyu don a ga ko yana bin al'ada ko lokacin fitar ƙwai, sai na ga ba ruwansa da kwanan wata. Ta ambaci tsakuwar ƙoda, amma ta ce wannan ciwonta ba na wasa ba ne, da tuni na san shi. Ta kuma ambaci ƙaba, wai mata ma suna yi, hanji ya ɗan leƙo ta saman cinya, kuma ba kullum ake ganin kumburin ba. Wannan ya tsaya min a rai saboda maganar ɗaga jarka.

Sai can ta ce, "Maman yara, autarki ba aiki aka yi miki ba?" Haka ne. Shekara biyu da wata uku ke nan, yanka a kwance a ƙasan mara. Ta ce in danna bakin tabon ta dama da yatsa ɗaya. Dakta, da na danna sai da na zabura. Wani abu ya tsarga kamar na taɓa wayar wuta, ya bi daidai hanyar da zafin yake bi kullum. Ta ce akwai ƙananan jijiyoyi da ke ratsa wannan gefen su gangara matsematsi, kuma zaren ɗinki ko taurin tabo kan iya maƙale ɗaya. Ta ƙara da cewa ƙiba da ɗaurin ciki da matsattsen kaya ma suna danne jijiya, ni kuwa na yi jiki bayan haihuwar nan, ɗaurin cikin jego ma na yi shi da ƙarfi don in koma kayana. Amma ta ce ita ba likita ba ce, in je a duba ni.

Na je, sau ɗaya. Na bi layi tun bayan asuba, da na shiga na tarar da likita namiji ga ɗalibai biyu a tsaye. Bakina ya mutu. Abin da na iya cewa kawai, "Marata ke ciwo." Ya rubuta hoton ciki, aka yi, aka ce mahaifa da ƙwai lafiya. Na dawo da farar takarda da zafina. Ban ga laifinsa ba, abin da na faɗa masa shi ya duba.

Abin da ya fi ciwon damuna shi ne yadda kalmar sanyi ta shiga gidanmu. Mu biyu ne a wurin maigida. Da ya ji, sai ya sayo magani mu uku duka mu sha. Abokiyar zamana ba ta ce komai ba, amma washegari ta sayo butarta daban, ta hana 'ya'yanta shiga banɗaki bayana sai an zuba ruwan zafi. Shekara shida muna zaune ba a taɓa jin kanmu ba. Ni ma, Allah ya yafe min, na fara yi mata wani kallo, har shi maigidan na fara lissafin tafiye-tafiyensa. Uwar mijina ta aiko da bagaruwa in riƙa zama a ruwanta, wata ta kawo turaren tsuguno. Malamar asibitin ta ce in daina cusa komai, in daina wanke cikin gabana da sabulu, kuma irin wannan ba a ɗaukarsa a banɗaki. Ni na ji, amma wa zai gaya wa mutanen gidan?

To Dakta, zai yiwu jijiya ta yi shiru sama da shekara bayan aiki sannan ta fara ciwo? In ita ce, akwai magani ko sai an sake yanka? Wannan ce tambayar da ke hana ni barci, domin ban manta wahalar wancan ba. Wane ɓangare zan nema a asibiti, na mata ko na tiyata, kuma me zan ce daga shiga don kada a sake tura ni hoto? Mahaifina yana da ciwon suga, na ji kuma yana taɓa jijiya, ko in nemi a gwada ni? Akwai wani abu kuma: a ƙauye na tashi wajen Kura, mun yi wanka a ruwan kanal har muka gaji, yaran garinmu da yawa sun yi tsargiya. Na ji an ce takan ɓuya a jikin mace shekaru. Ko tana da hannu a irin wannan?

Ki kuma faɗa min alamar da in na gani ba zan jira gari ya waye ba. Malamar ta ce zazzaɓi, ko amai, ko kumburi mai tauri da ya ƙi komawa, ko jini a fitsari. In da saura ki ƙara min.

In kuma babu damuwa, don Allah ki ɗan yi bayani a kan bambancin sanyi da sauran abubuwan nan a fili, da Hausar da kowa zai gane. Maigida yakan saurari shirin a shago, abokiyar zamana ma rediyonta a kunne take a lokacin.

Taki mai sauraro,
Wata tela daga Kano