Edita, ba duk gem ne ƙwallo da harbe-harbe ba

Salamu alaikum Edita, dan Allah a sam min ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Na karanta rubutun da kuka buga kan matasa da gem, inda mai rubutun yace duk danne-danne ne ba tunani a ciki, to ni dai gaskiya ban yarda ba, ina ga na ƙwallo da na harbe-harbe kawai ya taɓa gani.

Akwai wani gem na kwamfuta sunansa Magicka, kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ne ya yi shi, ya fito a 2011. Mai sihiri kake a ciki, kar malamai su taso min, zane ne kawai da madannai. An baka abubuwa takwas kowanne da harafinsa a kibod, Q ruwa, F wuta, R sanyi, A lantarki, D ƙasa, W waraka, E garkuwa, sai S wani jan haske mai kisa. Har guda biyar zaka iya jerawa kafin ka saki, kuma ba wani ƙarfi da zai ƙare maka, saurin yatsunka da kanka ne kawai.

Inda daɗin yake shine haɗin. Ruwa da wuta tururi ne, ruwa da sanyi ƙanƙara, amma ka sa wuta da sanyi tare sai su cinye juna ka tashi a tutar babu dodo yana kanka. Sannan ga jerantawa, ka fara jiƙa shi da ruwa, ka bi da sanyi ya daskare a tsaye, kafin ya narke ka jefo masa dutse, ko kuma tunda jiƙaƙƙe ne ka sakar masa lantarki dan ya fi cin jikin mai ruwa. 'Yan hannu ma a numfashi ɗaya suke danna QFQFASA (kowane QF tururi ɗaya ne, biyar ɗin kenan), tururi ya jiƙa lantarki ya gasa duk a haske guda, ni sai da nayi kwanaki yatsuna na sarƙewa kafin ta zauna min.

Kuma baya yafe garaje wallahi. Ranar nan muna yi da ƙanina, jikina jiƙe na manta ban busar da kaina da wuta ba na danna A, ai kuwa ni lantarkin ya ja, shi kuma garin taimako ya turo hasken waraka ya gitta ta kan jan haskena abin ya fashe a tsakaninmu, ni dai a nan na faɗi, shi yana ta dariya har ya manta W da A ake haɗawa a tashe ni.

Dan Allah a gayawa mai rubutun nan ya samu wanda zai nuna masa, ya yi awa ɗaya kacal, sai ya dawo mana da kashi na biyu.

Naku,
Mai karatu daga Zariya