Wasiƙar godiya ga wani shagon gyaran kwamfuta a titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Injiniya, da kai da yaran shagonka, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a saboda aikin da kuka yi wa kwamfutar makarantarmu, wadda had disk ɗinta, wato faifan da ke ajiye bayanai a cikinta, ya mutu ana tsaka da haɗa sakamakon jarrabawar ƙarshen zango.

Da ka ji ƙarar ƙas-ƙas da take yi, nan take ka hana a sake kunna ta. Ka ce allurar da ke karatu ce take ƙoƙarin aiki ta kasa, kuma duk kunnawa na iya ƙara kankare faifan. Ka zare shi, ka jona shi da wata kwamfutar ta USB, ka fara kwashe sakamakon ɗalibai kafin komai. Wasu hotunan bikin yaye ɗalibai ba su fito ba, kuma ka faɗa mana haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ka tsaya ka duba sabon ma'ajin bayanan da zai dace da kwamfutar kafin maganar kuɗi. An ba mu shawarar sayen NVMe, wani nau'in SSD (ma'ajin bayanai mara faifai mai juyawa), saboda saurinsa, ga shi kuma a shagonka, ya fi tsada. Sai ka kwance murfin ƙasa, ka nuna mini da yatsa cewa HP ɗinmu ta 2012 ba ta da gurbin M.2 da ake saka NVMe a ciki sam, mazaunin inci 2.5 mai bakin SATA (tsohon nau'in mahaɗi) kawai gare ta. Har ka ƙara da cewa ko a sababbin kwamfutoci, M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, shigarsa gurbi ba ya nufin na'ura za ta gane shi. Ka zaɓa mana SSD mai gigabayit 256, kaurinsa milimita 7, tsohon kuwa 9.5, ka ɗaure shi da kyau don kada ya riƙa motsi.

Yaronka kuma ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gabana, ya nuna mini lafiyar sabon SSD ɗin da awannin da ya taɓa aiki, domin in tabbatar ba na hannu ba ne. Wallahi wannan amana ce, a kasuwar da mai saye bai iya bambance sabo da gyararre.

Ka kuma gaya mana gaskiya cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma na'urarmu ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka mu fara tanadin wata. Ajiye kwafin sakamako a filashi duk Juma'a da ka ce, mun fara.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a.

Wassalam,
Shugabar wata makarantar firamare, Kano