A Taɓa Jijiyar Dattijo Kafin A Ɗaura Masa Na'urar Awon Jini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili a jaridarka mu yi magana da abokan aikinmu masu awon hawan jini, da kuma iyalan da ke kai dattawansu awo. Tun da na'ura mai batir ta maye gurbin tsohuwar ma'auni, an daina taɓa jijiyar hannun mai zuwa awo. Ana ɗaura masa abin damtse, a danna maɓalli, a rubuta lamba biyu, a kira na gaba. A nan ne wata cuta take kuɓucewa: rikicewar bugun zuciya da likitoci ke taƙaita sunanta da AF.

A wannan cuta, ɗakuna biyu na saman zuciya ba sa matsawa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi. Jini sai ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin hagu, ya yi guda. Ranar da gudan ya ɓalle, ya bi jijiya ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa, ita ce ranar shanyewar ɓarin jiki. Mai AF haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da ita kusan sau 5. Wasu na jin faɗuwar gaba, haki ko kasala, amma da yawa ba sa jin komai. Tsufa da hawan jini su ne manyan masu jawo ta, wato dai mutanen da ke zaune a layin awo. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce a duba bugun duk wanda ya kai shekara 65 idan ya zo wurin ma'aikacin lafiya, ko da wani dalili ne ya kawo shi.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi. Mutum ya zauna ya huta minti 5, ya yi shiru. A ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, kada a yi da babban yatsan mai awo domin shi ma yana da nasa bugun. A saurara aƙalla daƙiƙa 30, in an ji alamar tangarɗa a cika minti guda. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana ba da lamba, amma ba ya nuna tsari, alhali tsarin ake nema. Bugun AF ba shi da kan gado ko kaɗan: wani ya zo da wuri, wani ya makara, wani da ƙarfi, wani da ƙyar ake jin sa, kuma ba za ka iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo ba.

Idan bugun ya rikice, lambar da na'ura ta bayar ma abar tuhuma ce, domin na'urar tana lissafi ne daga girgizar jijiya, tana zaton kowane bugu daidai yake da ɗan'uwansa. Sai a koma awon hannu da abin sauraren ƙirji, a saki iska a hankali, maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa, a auna sau uku a ɗauki matsakaici. Akwai na'urori masu nuna alamar bugu marar tsari, wasu ma an ƙera su musamman don gano AF. Suna da amfani, amma motsi, magana, rawar hannu ko abin damtse da bai dace da girman hannu ba duk suna sa su yi kukan ƙarya.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne a tsaya a nan. Yatsa da na'ura zargi kawai suke yi. Tabbaci sai da gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, ko cikakke mai layi 12, ko mai layi ɗaya na aƙalla daƙiƙa 30 wanda ƙwararre ya karanta. Dattawa da yawa suna da ɗan bugun da ke tsallake lokaci-lokaci wanda ba AF ba ne, kuma ba shi da buƙatar maganin tsinka jini. Haka kuma AF kan zo ta tafi, don haka ECG mai kyau bayan mako biyu bai wanke mutum ba. A yi gwajin a ranar in da hali. In ya fito lafiya amma zargi na nan, a ɗaura masa na'urar da ke naɗar bugu na awa 24 ko fiye.

Gaskiya masana ba su haɗu a kan komai ba. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya ce hujja ba ta isa ba a kan gwada duk wanda ba ya jin komai. Mu ma ba mu ce a jera dattawa kaf a yi musu ECG ba. Minti guda muke roƙo, a kan hannun da dama an riga an miƙo.

In an tabbatar, likita zai lissafa haɗarin: shekara 65 zuwa 74 maki 1, daga 75 maki 2, hawan jini 1, ciwon suga 1, gazawar zuciya 1, wanda ya taɓa shanyewa 2. Da wannan lissafi ne likita zai yanke ko a ba da maganin tsinka jini. Maganin warfarin na rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi biyu cikin uku, sai dai yana son gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, a kai a kai, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Sababbin magunguna irin su apixaban da rivaroxaban ba sa buƙatar wannan, amma ana duba ƙoda kafin a tsayar da adadi, kuma ba su dace da mai ƙofar zuciya ta ƙarfe ko wanda ƙofar da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsa na hagu ta tsuke sosai ba. Asfirin ba ya tsayawa a madadinsu. Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini kuma ya nisanci ibuprofen da diclofenac, a kuma sauko masa da hawan jininsa, domin hawan jinin da lambarsa ta sama ta haura 160 yana ƙara haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Mun gode.

Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da ciwon zuciya da hawan jini