Barin ƙwaya ba a mako guda yake ƙarewa ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyaye da yayye a nan Gombe, waɗanda yaronsu ya ce ya tuba da shaye-shaye, amma suka rasa ta inda za su kama masa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a cikin duk huɗu ɗaya mace ce. Don haka mu daina ɗauka cewa abin ya tsaya kan 'yan Kalare. Yana cikin ɗakunan amare, yana cikin makarantu.

Kafin komai, a san abin da yake sha, domin ba duka ake bari iri ɗaya ba. Mai shan tiramol ko kodin, idan ya daina, cikin awa 8 zuwa 24 zai soma hamma da majina da hawaye, sai ciwon gaɓoɓi, gudawa, amai da rashin barci. Abin yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Akwai wahala, amma da wuya ya kashe mutum in ana mayar masa da ruwan jikinsa: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Mai shan giya kullum, ko ƙwayoyin barci irin su Valium da Rohypnol, nasa daban ne. Yanke masa lokaci guda na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da gushewar hankali, har ma da rasa rai. Wannan sai likita, shi zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Kulle shi a ɗaki da kwaɗo ganganci ne. Gidan mari kuwa, duk mun ga halin da aka fito da ɗaruruwan mutane a Kaduna da Daura a 2019. Sarƙa tana riƙe ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance ta sha'awar tana nan daram.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan an sallamo shi daga asibiti. Ya yi ƙiba, idonsa ya washe, ana ta barka, kowa ya saki jiki. To a nan haɗarin yake. Jikin da ya yi makonni babu ƙwaya ya manta da ita. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini ga babban mutum, amma wadda ake sayarwa a ɓoye ƙwaya ɗaya kan kai 225, kuma akwai masu watsa huɗu ko biyar a tashi ɗaya. Wanda ya huta wata biyu, ya koma ya sha adadinsa na da, numfashinsa na iya tsayawa, balle in ya haɗa da ƙwayar barci ko giya. A faɗa masa wannan ƙarara, ba don tsoratarwa ba. Idan aka same shi ba ya farkawa, yana minshari mai nauyi, numfashi na ja da baya, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗi gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, kunyar faɗa ce ke sa a makara.

Masana sun ce magani ƙasa da kwana 90 ba ya cika ɗorewa, don haka wata ukun farko aikin mutanen gida ne gaba ɗaya. A canja masa layin waya da yardarsa, domin lambar dila tana ciki. Kada a danƙa masa kuɗi masu yawa, a biya kuɗin koyon sana'a kai tsaye hannun ubangidan. Ya ƙaurace wa majalisarsa ta da, ko da zagaye zai riƙa yi. Amma fa in an raba shi da majalisa ba a ba shi wata ba, an yi aikin banza, zaman kaɗaici tsakanin la'asar da isha'i shi ke mayar da mutane da yawa. Ƙwallo, islamiyyar dare, zaman shago, duk wanda ya samu.

Sha'awar ƙwaya takan taso kamar guguwa, yawanci ta kwanta cikin rabin awa. Abin da yake buƙata a lokacin shi ne mutum ɗaya da zai kira ko da tsakar dare, wanda ba zai soma da faɗa ba. A ganina wanda ya taɓa sha ya daina, ya shekara ko fiye, ya fi kowa iya wannan, don ya san ƙaryar da mai sha ke yi wa kansa. Sai dai kada wanda bai daɗe da bari ba ya ce zai je dandali ya janyo abokai. Su za su janye shi.

In kuma ya zame ya sha, ba a koma farko ba. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan zame, kusan daidai da masu hawan jini da ke sakin magani. A tambaye shi ina yake, da wa, me ya ɓata masa rai ranar, a toshe wannan kafar, a koma wurin likita cikin makon. Gori a gaban ƙanne ba abin da yake ƙarawa sai ɓoyewa.

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi duk suna da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da layin neman shawara na kyauta, 0800 1020 3040. A tafi da kwalin ko sacet ɗin abin da yake sha, likita zai so ya gani.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya,
Tudun Wada, Gombe.